Rarar Hannaye

Ɗan mai gyaran injin masaƙa ne, amma tun da ya dawo daga karatun tattalin arziki ba a ƙara ganin baƙin mai a farcensa ba. Ma'aikata suka laƙaba masa Dakta Bakin Ƙofa, domin nan yake tsayawa duk ranar taron ƙungiyar ƙwadago, da rikoda a hannu, bai shiga ba, bai kuma tafi ba. Ran da aka watsa babban yajin aiki da kulake, daga barandar wani kanti ya kalla, yana ƙirga kawuna.

Yayansa ne ya bar makaranta ya shiga masaƙa don shi ya yi karatu. Da Dakta ya fitar da littafinsa a kan ƙungiyar, jami'a ta yaba, ta ba shi kujerar malanta. A cikin littafin ya kira tsofaffin ma'aikata "rarar hannaye". Shi a wurinsa kalmar ilimi ce. Masu kamfani kuwa sun fahimce ta sarai, suka sallami rarar, har da Yaya.

Da furfura ta kama shi, sai ya so ya rufe aikinsa da tarihin wancan yajin. Cikin jagororin, Yaya kaɗai ya rage da rai. In bai yi magana ba, babu littafi.

Dakta ya sami Yaya a ɗakin haya, yana tarin da ƙurar auduga ta bar masa. Dakta ya nemi kujera ya rasa, ya tsuguna yana tattare wando.

"Yaya, labarin yajin na zo ka ba ni."

"Ai kana nan. Ko barandar ba ta hango mu?"

"Abin da aka faɗa a ɗakin shawara nake so, saboda 'yan baya."

"Ashe rara tana da baki? Na zaci hannaye ne kawai."

"Kalmar fanni ce, Yaya, ba zagi ba."

"Da zagi ne, ƙanena, da tuni na rama an wuce wurin. Kunna abin naka."

Dakta ya danna da sauri. Yaya ya miƙa tafukansa biyu saitin rikodar, masu kanta, ɗaya ya rasa yatsa guda.

"Ga su nan. Tambaye su."

Dakta ya lallasa, ya roƙa da darajar iyaye, har faifan ya ƙare ba abin da ya ƙaru a ciki sai muryarsa da tarin Yaya. A jami'a kuwa ya shaida musu cewa bayanan da ya tattara ba su kai a buga ba.