Kallo a Kaduna da Yayana

Yayana manomi ne a Kagoma, kuma dattijon ikilisiya. Ni kuwa koyarwa na yi a Kafanchan har na yi ritaya. Tun ina kwalejin horar da malamai nake son wasan kwaikwayo, kuma ko bayan na yi aure, in na ji ana wani abu a Kaduna, wasa ne ko waƙa ko nunin zane, sai na nemi dalilin tafiya. Shi Yaya, in ba sujada ba ko biki ko jana'iza, bai ga abin da zai sa babban mutum ya zauna ya zuba wa wasu ido ba.

Autarsa mace ce, a hannuna ta yi sakandare. Da ta sami shiga jami'a, ta faɗa masa sunan kwas ɗinta da Turanci. Kalma ɗaya ya kama a ciki: tiyata. Ran Lahadi ya miƙe a coci ya ce a taya shi godiya, 'yarsa za ta koyi aikin tiyata. Mata suka yi ta guɗa. Sai da ta zo hutun farko, wata tsohuwa ta same ta har gida tana nuna mata ƙari a wuya, sannan magana ta fito fili: tiyatar tata ta wasan kwaikwayo ce, ba ta asibiti ba. Yaya bai yi faɗa ba, bai kuma janye hannunsa daga karatun ba. Amma daga ranar, in an tambaye shi me take karantawa, sai ya ce, "Tana can dai." Ni ya ɗora wa laifi, kuma ban musa ba, don ni na fara kai ta kallo.

Ta gama, ta zauna a Kaduna tana koyarwa, ita da abokanta suka kafa ƙaramar ƙungiyar wasa. Na ga wasanninsu da dama. Uban bai taɓa zuwa ba.

Shekarar da cuta ta cinye citta a yankinmu, Yaya ya yi asarar gona guda. Matarsa ta kira ni a waya ta ce, "Malama, yayanki fa ba ya cin abinci. Gindin mangwaro yake wuni, ko rediyo ba ya kunnawa." A makon ne kuma yarinyar ta gaya mini za su yi sabon wasa, wanda ita da kanta ta rubuta. Na hau okada na tafi Kagoma. Ban yi masa kwana-kwana ba, na ce, "Yaya, ran Asabar za ka raka ni Kaduna. 'Yarka ta yi aiki, za ka je ka gani."

Ya ce, "Wasa ne aiki?"

Na ce, "To zaman gindin mangwaro ne aiki?"

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya gyara murya, ya ja kunnensa na dama, abin da yake yi ke nan duk lokacin da zai sauka daga kan maganarsa, ya ce, "Allah ya gani, don ke zan je."

Ran Asabar ya iso tasha cikin kwat ɗinsa ta sujada, da doya ɗaure a buhu wadda zai kai wa 'yarsa. Muka hau mota, muka bi ta Kachia. A Mararaban Rido na sayo mana gasasshiyar masara ta taga. Ya karɓa ya ci tas, har ya ce wannan masarar ba ta kai tasa zaƙi ba. Na ji daɗin wannan ƙorafin.

Zauren ba babba ba ne, kujerun roba ne da fankoki. Da la'asar aka fara. Yarinyar ta aje mana wuri a layin gaba. Da aka kashe fitilu, Yaya ya sunkuyo ya ce, "An ɗauke wuta." Na ce ya jira.

Labarin wani tsoho ne da ya yi rigima da maƙwabcinsa kan iyakar gona, alhali 'ya'yansu suna neman juna da aure. Da Hausa ake yi, ana surkawa da Turanci da Fijin, wato Turancin kasuwa, kamar dai yadda muke magana a gida. Wani saurayi ne ya fito a matsayin tsohon, an shafa masa farin alli a gemu. Ya fito ya tsaya, ya gyara murya, ya ja kunnensa na dama, ya ce, "Allah ya gani!" Nan take na gane shi. Tafiyar, riƙon sandar, yadda yake karanta aya in yana so ya ci gardama, duk na Yaya ne. Na kasa juyawa in dube shi. Na ce a raina yau yarinyar nan ta gama da mu, a nan zai tashi ya fita.

Sai na ji kujerarsa tana rawa. Dariya yake yi, irin wadda ba ta da sauti tukuna. Da tsohon ya tsallaka iyakar gonar ya tuge turken maƙwabci yana rera waƙar coci, dariyar ta ƙwace masa, ya buga cinya ya ce da ƙarfi, "Kai, mutumin nan ba shi da gaskiya!" Mutanen da ke bayanmu suka bar kallon dandali suka koma kallonsa. Can wajen ƙarshe, matar tsohon ta zauna tana niƙa tana wata waƙa da yarenmu, wadda uwarmu takan yi. Ni na koya wa yarinyar ita. Yaya ya zaro hankici ya daɗe yana goge gilashinsa.

Da aka tashi, yarinyar ta fito ta durƙusa a gabansa. Ta ce, "Baba, yaya ka gani?"

Ya ce, "Ke kika rubuta duk wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Wa ya ba ki labarin kakanki? Ai ba ki san shi ba." Ya juyo wurina. "Malama, kin ga tsohon nan? Baba marigayi sak! Taurin kan nan, jan kunnen nan. Allah ya gani, kamar an tono shi."

Ni da yarinyar muka dubi juna. Ta ce, "Anti ce ta ba ni labari." Na ce haka ne. Har yau ba wanda ya gyara masa, ko matarsa da ta ga wasan daga baya ta kusa shiɗewa don dariya.

Na ɗauka shi ke nan, an yi an gama. Amma da Kirsimeti ta gabato, sai ga shi a gidana a Kafanchan yana tambaya, "Ba wani abu a Kaduna wannan watan?" Akwai taron mawaƙa daga majami'u daban-daban, da makaɗa masu goge irin na Turawa da ƙahoni. Muka je. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne mutumin da ke tsaye a gaba da ɗan siririn sanda, ya juya wa jama'a baya. Ya ce, "Wannan shi ba ya waƙa, ba ya kiɗa, shi aka fi tafa wa." Amma da muryoyi suka haɗu a waƙar ƙarshe, aka miƙe tsaye, na ga leɓensa yana motsi, yana bin su da muryar ƙasa wadda ya bari tun yana saurayi a ƙungiyar mawaƙan coci. A hanyar gida ya yi ta kaɗa yatsa a iska yana ba direba umarni da shi.

Nunin zane ne ya fi ba ni wahala da shi. Ɗaki ne fari fat, da zane-zane rataye a bango, kowa yana tafiya a hankali yana magana ƙasa-ƙasa. Yaya ya tsaya gaban wani babban zane, ja da ruwan ƙasa ne kawai aka watsa, ya ce, "Malama, wannan an gama shi, ko ana kan yi?" Ashe mai zanen tana tsaye kusa da mu, wata yarinya mai ɗan kwali shuɗi. Na ji kamar in nutse. Ita kuwa dariya ta yi, ta ce, "Baba, me ka gani a ciki?" Ya ja da baya, ya karkata kai, ya ce, "Kamar gona bayan an ƙone ta." Ta ce ita kasuwa take nufi, amma gonar ma ta yi. Suka tsaya suna hira har na gaji na nemi benci.

Yanzu shekaru sun ɗan ja. Ya koma noman cittarsa, ya ƙara da doya da dawa. In hanya da lafiya, kuma gwiwarsa ta yarda, mukan je sau biyu ko uku a shekara. Ba duka yake so ba. Akwai wasan da ya yi barci a tsakiyarsa, ya farka ya ce ba a yi komai ba. Na ce ina ya sani, ya ce da an yi da ya ji.

Zuwanmu na baya-bayan nan, kallon wani wasan 'yarsa, mu uku ne. Ya gayyato abokinsa, wani Alhaji mai sayen hatsi a kasuwar Kafanchan, wanda suka daɗe suna ciniki tare. Sai da muka jira Alhaji ya yi sallar la'asar a harabar zauren, Yaya yana riƙe masa da jaka yana leƙen ƙofa kada a fara ba mu. Da muka zauna, na ji yana yi masa bayani: kada ya amsa waya, kada ya tafa sai an tafa, in ɗan wasa ya yi tambaya ba shi ake tambaya ba.

Alhaji ya ce, "To kai fa, Dattijo, in abin ya yi daɗi shiru kake yi?"

Yaya ya ce, "Ni daban ne. Ni uban mai wasan ne."