Ɓeran Zailani

Malam Zailani masinja ne a wani ɗakin binciken dabbobi a Samaru, amma shi a ganinsa ƙamus ne da Allah Ya yi wa ƙafafu. Abu biyu ya riƙe a duniya: ma'anar kalma da ranar da abu ya faru. Kana gaishe shi zai sanar da kai yau shekara nawa da ƙare yaƙi, ko ba ka tambaya ba. Matarsa Kaltume ta ce ranar aurensu kaɗai yake mantawa. Burinsa guda ne, kuma ba ya ɓoye shi: ya ga sunansa a buge cikin littafi kafin ya mutu.

A 1974, ana shirin bikin cikar wurin shekara goma, sai shugabansu Dokta Adewale ya dawo daga kurmi da wata halitta a keji. Ta fi ɓera girma, ba ta kai gafiya ba, gashin bayanta tsinke-tsinke, wutsiya kamar tsohuwar tsintsiya. Dokta ya ce waɗanda suka taɓa ganin irinta da rai ba za su cika motar haya ba. Za a sa hotonta a littafin biki, da sunanta na Hausa, da ma'anarsa, da sunan wanda ya samo shi.

"Malam, ka san sunanta?" in ji Dokta.

"Haba Dokta. Ka dai ba ni zuwa Juma'a in tabbatar da ma'anar."

Ƙarya yake yi, ko inuwarta bai taɓa gani ba.

Da Dokta ya tafi taro Kaduna, Zailani ya ɗaure kejin a bayan kekensa ya nufi kasuwar Sabon Gari. Wani tsohon mafarauci, Uba, ya ƙura mata ido ya ce ai gafiya ce da ba ta ƙoshi ba. Madam Oby mai sayar da abinci ta leƙa ta ce, "Ni ban san suna ba, amma kawo shi, na san barkonon da zai so." Kwana uku yana zagaye, daga Jushi zuwa Hanwa har barikin Basawa. Suna bai samu ba, sai dai duk inda ya ɓullo a ce, "Ga Zailani da ɓeransa."

Ranar Laraba ya zauna a tsakar gida ya yi tagumi, ko tuwo ya kasa ci. Kaltume ta ce, "Malam, kai da ka san komai. Wanda ba shi da suna ai raɗa masa ake yi. Kwananta nawa a wajenku?"

Ya ƙirga da yatsu. Gobe bakwai cif.

Washegari ya kira taron suna. Liman ya ji bayani ya ce masa ya je a duba lafiyar kansa. Wanzami ya zo aski, ya ga gashin, ya naɗe askarsa ya zauna jiran waina. Maƙwabta kuwa suka cika zaure, tunda akwai goro. Zailani ya riga ya ƙera suna mai nauyi, da ma'ana har kashi uku, bai faɗa wa kowa ba. Ya ce sai mai suna ta fara ji, kamar yadda ake yi wa kowane jariri. Ya buɗe kejin, ya kai bakinsa kunnenta cikin ladabi. Ita kuma ta kama leɓensa na ƙasa ta riƙe.

Da ƙyar wanzami ya raba su. Aka mayar da ita Samaru, shi aka kai shi asibiti, leɓe ya kumbura ya yi kamar ƙosai.

Juma'a Dokta ya dawo, maɗaba'a na jira, mai kawo suna yana kwance ba ya iya cewa ko ruwa. Sai Dokta ya ɗauki hoton halittar ya shiga kasuwa da kansa. Duk wanda ya nuna wa, tun daga kan Madam Oby, amsa ɗaya yake ji. Mutum goma sha biyu suka faɗa, Dokta ya ce wannan a ilimi hujja ce.

Ranar biki aka miƙa wa Zailani littafin. Ya buɗe shafin hoton. A ƙarƙashin hoton an rubuta: "Ɓeran Zailani. Ma'ana: ɓeran da Zailani yake yawo da shi. Wadda ta ba da suna: Madam Oby, Sabon Gari."

Da farko ransa ya ɓaci sosai. Sai ya sake karantawa, ya lura sunan Oby sau ɗaya ya fito, na Dokta ma sau ɗaya, nasa kuwa sau biyu, kuma da manyan baƙaƙe. Hawaye suka zubo masa don murna, a gaban ɗalibai, bai ko share ba.

Sunan da ya ƙera bai taɓa faɗa wa kowa ba, ya ce an riga an buga. Littafin yana adakarsa cikin tsumma, kowace shekara ranar ta zagayo sai ya fito da shi ya raba goro. Kaltume takan karɓi nata ta yi godiya, ba ta taɓa gaya masa cewa ranar ce kuma ranar aurensu ba.