Na Ƙarshe a Tseren Iyaye

Wauta dai ban taɓa rasa ta ba. Ni da ko firamare ban gama ba, ga tumbi kamar tulu, na shiga tseren iyaye a sakandaren 'yata Hauwa a Azare.

Jiya jikata ta karanto mini sanarwar wasannin makarantarsu a waya, sai na tuna marigayi Malam, dattijon da ke riƙe da lasifika a wasannin makarantar su Hauwa. Shi ba ya tsallake wanda ya zo na ƙarshe, sai ya sa an tafa masa.

Ranar tseren, ana busa usur takalmina ya fice. Iyayen da suka saba bin shanu suka wuce ni fuu, Hauwa ta rufe fuska da hijabi don kunya. Sai ga muryarsa mai kaushi: "Ku tafa wa Baban Hauwa, bai tsaya ba." Fili ya ɗauki tafi, har ita ta leƙo tana dariya.

Allah ya jiƙansa, ya sa a tarbe shi da murna. Da na iso ƙarshen tseren, ya miƙo mini ruwan sanyi, ya ce, "Alhaji, baɗi ma da kai?" Na karɓi ruwan na shanye ina haki.