Ƙofar Ruwan da Su Baba Suka Toshe

Har yanzu in ruwa ya yi gudu a kwata sai in ja da baya.

Bayan unguwar Moshi Zango a Kumasi akwai wani ƙaramin rafi da su Baba suka tare da jan ƙasa tun ban san kaina ba. Da ruwan madatsar suke shayar da latas da gauta in rani ya yi, mu mata kuma can muke wanki, don famfon unguwa guda ne, layinsa kuwa sai mutum ya tsufa. Bara, ina dawowa daga sakandare, na tarar madatsar ta tsage. Ruwan ya zurare, lambun Baba ya ƙone. Muka ƙare rani da bokiti a ka. Wuyan Mma har yau bai miƙe ba.

Sai aka kira gayya. Mata na kawo ƙasa a daro, maza na dannawa da ƙafa da taɓarya. A gefe guda akwai wata ƙofa da aka bari ƙasa-ƙasa, inda rarar ruwa ke wucewa. Baba ya tsaya a kanta. Shi a arewa ya tashi, inda ake tona yashin kogi a zauna jiran cikar ƙwarya.

"A toshe nan," in ji shi. "Wa ke samun ruwa ya nuna masa hanyar fita?"

Mma ta ce, "Malam, nan fa ba garinku ba ne. Ruwan Kumasi ba ya sallama."

"Ke dai kawo ƙasa."

Abokansa duk mutanen arewa ne, suka yi dariya. Aka toshe. Ni ma na juye darona a wurin.

Ruwan farko ya cika madatsar, kowa ya yi murna. Na biyu ya ɗauke da hantsi, na sauka ƙasan madatsar da wankin gida. Ban ji ƙara ba. Na dai ga ruwa ja yana hawo kan bangon, sai bangon ya buɗe. Ruwan ya yi gaba da ni. Bishiyar ayaba na rungume, laka a bakina, zannuwan Mma suna wuce ni. Baba ne ya jawo ni da kotar fartanya.

Aka sake gayya, babu waƙa wannan karon. Baba da kansa ya haƙa ƙofar, ya jera mata duwatsu. Bana ruwan ya kai mu ƙarshen rani, latas ɗinsa ya isa kasuwa, mata sun huta da layin famfo.

Ban da ni. Ƙafata ta ƙi zuwa can. Na koma layi ina tsayuwa har rana ta take.

Ran nan na dawo na tarar da bokiti biyu cike a ƙofar ɗakina, kafaɗar rigar Baba a jiƙe. Dattijo da ɗiban ruwa, maƙwabta na kallo.

"Ki yi wankinki a nan," ya ce, idonsa a ƙasa, ya ɗauki fartanyarsa.