Filifar Gidan Abhur

Maman Lawali yana da shekara sittin da huɗu. Mutumin Damagaram ne, yana gadin wani gida a unguwar Abhur ta Jidda tun yana saurayi. Kafilinsa, wato maigidansa Meshari, ya haura tamanin, mantuwa kuma ta ci ƙarfinsa. Ko sunayen 'ya'yansa sun kuɓuce masa.

A falon ƙasa akwai injin wasa da Lawali ke kira filifa, yadda ake faɗa a Nijar. Tebur ne mai gangara da rufin gilashi. Ana harba ƙwallon ƙarfe sama, ta gangaro tana bugun turaku, mai wasa yana tare ta da 'yan fukafukai biyu. Ƙirar Amurka ce ta shekarun saba'in. Babu kwamfuta a cikinta, sai tulin waya da maganaɗisu da ƙararrawa uku. Meshari ya saye ta wajen wani matuƙin jirgin ruwa lokacin yana aiki a tashar jiragen ruwa. Kullum bayan la'asar Lawali yakan buga masa. Da ƙararrawa ta kaɗa sai tsohon ya ɗago kai ya ce da Larabci, "Yalla ya Lawali," wato maza Lawali. Sunan da ya rage masa ke nan.

Tsofaffin gidajen Jidda wutar lantarki iri biyu gare su, ƙarama da babba, filifa kuwa ƙarama take sha. Bara aka sake wayar gidan, kowane soket ya koma babba. Lawali ya jona ta inda ya saba jonawa. Sai ƙauri da hayaƙi.

Wejdan, 'yar Meshari, tana kiran Lawali ammi, wato baffa. Ta ce, "Halas ya ammi, ya isa haka, a kai ta gwanjo."

"Bar mini ita tukuna, 'yata. Ni na ƙona ta."

Ya ciro taransifomar cikinta da ta ƙone ya kai wa Ousmane, ɗan Chadi mai naɗin wayar fanka a unguwar Mahjar. Ousmane ya jujjuya ta yana dariya. "Yaya, wannan ai ta girme ni. Kai da ita wa zai riga wani ritaya?"

Naɗin ya ɗauki lokaci. Duk tsawonsa Meshari bai kira sunan kowa ba.

Ranar Alhamis da ta wuce Lawali ya mayar da taransifomar, ya sa na'urar rage wuta, ya turo keken guragun tsohon kusa. Ƙwallon farko ta gangara ta faɗa rami, Meshari bai motsa ba. Ana cikin ta biyu ya ɗago kai.

"Yalla ya Lawali."

"Na'am, ammi," in ji Lawali. Ya ja sandar harbi ya saki.