Waƙar da Na Sa a Wayar Baba

Ranar kasuwar Diffa ce, farkon shekarar 2016, ina da shekara goma sha biyu. Mun taso daga Shetimari ni da Baba a motar kasuwa, za a saya mini takalmin lakkol, wato na makaranta. A baraj, shingen binciken shiga gari, aka sauke mu duka kamar kullum. Maza suka yi layi, kowa ya ɗaga riga ya nuna cikinsa, katin shaida a hannu. Wurin ya yi tsit, ko tari ba mai yi. Sai wayar Baba ta ɗau ƙara daga aljihu, kuma ba ƙarar da ya saba da ita ba. Waƙar tattasai ce, da gangarta da komai.

Wannan waƙa ba wanda ya san mai ita. Wani saurayi ne ya rera ta, yana kukan manomin da tattasansa ke lalacewa a ɗaki don an hana fita da shi, da ɗan kabu-kabun da aka raba da babur, da masuncin da aka kora daga bakin kogin Komadugu. A rumfar masu cajin waya ake tura ta, daga nan ta bi gari. Mu ƴan mata da ita muke tsince tattasai a tsakar gida, ido na hawaye, muna atishawa muna amshi, da ita muke gaɗa a filin lakkol in mushe, malaminmu, ya ba da baya. Manya kuwa kowa da fassararsa. Kawu Bukar ya ce ta ƴan adawa ce. Maƙwabciyarmu Ya Kaltum, wadda ta gudo daga Najeriya da ƴaƴa uku, ta ce a garinsu mutanen daji sun kashe yaro a kan kiɗa a waya. Wasu na raɗa cewa masu tsaro sun ɗauke ta waƙar zuga matasa su shiga daji. Baba dai abu ɗaya yake faɗi: "Ku ji ta a ɗaka, ku bar ta a ɗaka."

Ni kuwa da rawar kaina! Baba bai yi boko ba, ni ke ajiye masa lambobi. Ana gobe za mu tafi na mai da waƙar ƙarar kiransa, wai don ƙawayena su san na iya waya. Na kwanta na manta.

A layin nan Baba ya yi ta laluben maɓalli, waƙar na ci gaba. Mutanen da ke kusa da shi suka ja baya ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda na san bakinsu bai rabuwa da ita. Wani mai bindiga ya karɓi wayar ya ce, "Wa ya sa maka wannan?" Ina tsaye cikin mata, ina ji. Na buɗe baki, wallahi ba abin da ya fito. Baba ko kallona bai yi ba, suka wuce da shi bayan buhunan yashi. Wata mata ce ta mai da ni gida.

Kwana shida ban iya cin tuwo ba. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai in ce ni aka zo ɗauka. Inna tana ta kuka tana tsine wa kanta, don ita ce ta kira ta tuna masa ya sayo gishiri, ni kuma na bar ta tana yi. A kwana na bakwai, bayan dattawan unguwa sun tsaya masa, Baba ya dawo a rame, ya yi alwala, bai tambayi kowa komai ba.

Sai da na shiga jami'a na iya faɗa masa. Yana gyaran injin ban ruwa, bai ɗago ba ya ce, "Na sani, Falmata. Kullum sai sun tambaye ni wa ya sa. Kullum in ce ni ne."

Yanzu tattasai na fita, waƙar kuma har motocin kamfe na yawo da ita, yara na bin su da rawa, ba mai tambayar ko ta wane ɓangare ce. Nakan yi kewar tsakar gidanmu lokacin da take waƙa ce kawai a bakinmu. Amma har yau in na ji gangar nan, muryata nake nema.