Kujerar Yaro a Keken Jantine

Jantine Hoekstra 'yar garin Leeuwarden ce, a shagon cukun mahaifinta ta tashi, ta san cuku tun kafin ta iya karatu. Da shagon ya rufe sai ta shiga neman aiki, ga shekara talatin da biyar, ga zoben aure a yatsa. Manyan laifuka biyu ke nan.

Doka ta hana mai ɗaukar aiki ya tambayi mace zancen haihuwa, mutanenmu kuwa, tubarkalla, ba sa taka doka. Kewaye ta suke yi. Wannan ya tambaye ta ɗaki nawa ne a gidanta, wancan ya so jin ko akwai makaranta kusa da su. Kowa ya ce za a kira ta. Har yau ana nan ana kira.

Na ƙarshensu Veenstra ne, wani dillalin cuku. Ya ba ta kofi da biskit ƙwaya ɗaya, ya rufe gwangwanin biskit ɗin. Bai yi mata tambayar banza ko ɗaya ba, har ta fara ganin girmansa. Da aka gama ya ce lallai sai ya raka ta ƙofa. Ashe keke ya fito dubawa! Ga kuwa kujerar yaro ɗaure a bayan kekenta.

"A'a, Malama Hoekstra, ashe akwai ɗan maigida! Ba tambaya nake ba fa, kin san an hana."

Jantine ta ga aikin zai kuɓuce. Mijinta Sjoerd ne ya ɗaura kujerar nan don ɗoki, lokacin cikinta na fari. Cikin ya zube, na biyu ma haka, daga baya likita ya ce su haƙura. Ita da Sjoerd babu wanda ya iya daurewa ya kwance kujerar. Maganar likitan ko mahaifiyarta ba ta gaya wa ba.

"Babu yaro," ta ce. "Kuma ba za a samu ba. Likita ya tabbatar."

Fuskar bawan Allah ta washe.

"Kai, madalla!" Sai ya tuna, ya gyara murya. "Wato... sannu. Litinin za ki iya farawa?"

Ta ce za ta iya, tana jin kamar ta shaƙe shi.

A gida Sjoerd ya rungume ta yana ta murna. "Me kika gaya musu haka, har suka ɗauke ki nan take?"

Jantine ta dubi keken ta taga.

"Cewa na yi na san cuku."